Inda Jita Take Yankewa

An ce tuna baya aikin masu furfura ne, waɗanda suka ga jiya suka ga yau. Ni ko aure ban yi ba, takardar sakandare ma ba ta daɗe a ƙasan akwatina ba. Amma abin da ya faru a gidanmu cikin daminar nan ya mayar da ni kamar tsohuwar da ta dawo unguwarsu ta tarar an rushe, tana nuna fili tana cewa nan ne ɗakinmu yake. Na rasa wanda zan gaya wa ya gane, shi ya sa na zauna ina rubutawa, ko zuciyata za ta sauka.

A barikin Shadawanka na buɗe ido. Idan na rufe idona yau, ba gine-ginen nake gani ba, ƙarar wurin nake ji. Busar begilar tashin sojoji tun da sanyin safiya, takalman sojoji a kan tsakuwa, taɓare a cikin turmi daga wannan layi zuwa wancan, da matan bariki a bakin famfo, kowace da irin Hausarta, ana faɗa ana dariya a lokaci guda. Sannan kiɗa. Kowace taga da rakodarta. Kana tafiya aike za ka ratsa ta cikin kalangu, ka fito ka faɗa waƙar zumuntar mata, ka wuce ta wa'azin malam, ka ƙare a ƙofarmu inda jitar Turawa take kuka. Ba wanda yake jin abinsa shi kaɗai a lokacin. In maƙwabci ya sa kaset, kai ma ka sa, ko kana so ko ba ka so. Yanzu kuwa ka shiga keke daga Ɗan Iya har Wunti, kowa ya toshe kunnensa da igiyar waya, yana kaɗa kai ga abin da ba wanda ya sani, kamar masu aljanu. Ayyukanmu na yara ma da yawansu na kiɗa ne. Ni ce mai jera batir a rana a kan kwano don su ƙara ƙarfi. Yaya Ishaya, wanda nake bi, shi ne mai juya kaset da biro don kada a ƙarar da batir wajen mayar da shi baya. In rakoda ta tauna zare, gidan yakan yi tsit, Baba ya zaro shi a hankali kamar mai cire ƙaya daga ƙafar jariri, ya haɗa wurin da ya tsinke da jan farcen Mama.

Baba soja ne, ɗan badujala. A fagen fareti ƙaho yake busawa, amma abin da yake so a ransa jita ce, ita yake kaɗawa ran Asabar idan hafsoshi suna shagali. Yana da akwatin ƙarfe cike da kaset, ba mai taɓawa sai shi, kuma ba jerin banza ya yi musu ba. Jerin zamani ne. Ran Lahadi bayan an taso daga sujada, ya cire takalmi, ya ja akwatin ya ce, "Auta, zo ki ji inda aka faro." Layin farko yake kira zamanin katako. Ya ce jikokin mutanenmu ne da aka kwasa bayi zuwa ƙetaren teku, mutum ɗaya da jitarsa ta katako yana kuka da murya bayan an tashi daga gona, ran Lahadi kuma ya kai kukan nan coci. Daga nan sai lantarki ya shiga jita. Nan Baba yakan gyara zama. Ya ce ranar da aka jona jita da wuta, ranar yara suka fi ƙarfin iyayensu, dattawan can suka ce kiɗan Shaiɗan ne, daidai yadda faston ƙauyenmu ya ce masa ranar da ya gan shi da ita a rataye. Sai zamanin gashi, da samari suka daina zuwa wurin wanzami, suka riƙa rubuta waƙarsu da kansu suna rerawa tare, 'yan mata suna suma a gabansu, fili ya cika ya batse har na baya ba ya jin komai sai ihun na gaba. Sai zamanin wando mai faɗin ƙafa, na rawa da fitilu masu juyawa. Baba ma ya ɗinka irinsa, Mama ta yanka ƙafa ɗaya ta yi rigar matashin kai. Sai zamanin inji, da aka ƙera akwatin da ke buga ganga da kansa. Nan fuskarsa takan canza.

"Ranar da aka sallami mai ganga," in ji shi, "ranar kiɗa ya fara ciwon ajali. Inji ba ya kuskure, Auta. Abin da ba ya kuskure kuwa ba shi da rai."

Layin ƙarshe gajere ne, na lokacin da talabijin ya sa mutane suka daina jin kiɗa suka koma kallonsa. Bayan wannan babu sauran kaset. In na tambaye shi me ya biyo baya, sai ya rufe akwatin ya ce, "Daga nan ban san hanya ba."

Akwai kaset ɗaya a tsakiyar zamanin gashi wanda ya fi duka daraja, shi ne dalilin wannan rubutu. Wani abokinsa ne ya kwafo masa, don haka ba shi da hoto a jiki, fari ne kawai. A cikinsa akwai wata doguwar waƙa da ke farawa a hankali, kamar mai tafiya cikin raɓa, tana ƙara nauyi tana ƙara nauyi, har a zo wurin da mawaƙin zai yi shiru ya bar wa jita fili ta hau sama ita kaɗai. Baba ya ce duk tarihin nan da yake ba ni, a wannan hawan ya taru. Ni ban taɓa jin hawan ba a ƙuruciyata, kuma ga dalili.

Ina goye aka tura su Baba aiki wata ƙasa mai nisa. Yana da al'ada in za a tafi irin wannan tafiya, na ganta da idona a tafiye-tafiyen baya: zai goge takalmansa har ka ga fuskarka a ciki, ya ajiye su a bakin gado, ya zauna ya cinye abincin da aka ba shi tas, ya ce soja ba ya kama hanya da yunwa. A lokacin ba wayar hannu a gidaje irin namu, kuma yawancin matan bariki ba sa rubutu. Abin da ake yi shi ne a ɗauki magana a kaset a ba mai tafiya ya kai. Mama ba ta da sabon kaset, sai ta buɗe akwatin da aka hana taɓawa, ta duba, ta ga ɗaya fari ba hoto, ta ce wannan ba komai a ciki. Maƙwabciyarmu Maman Bello, matar wani saje, ita ta nuna mata yadda ake toshe 'yan ramukan saman kaset da takarda don ya yarda ya ɗauka. Ba wadda ta yi tunanin ta saurara tukuna, ba wadda ta mayar da shi farko. Inda Baba ya tsayar da shi, nan suka danna jan maɓalli.

Sauran labarin daga bakin Baba muka sha ji, yana ba da shi yana riƙe da kai. Saƙo ya iso, ya buɗe ya ga farin kaset ɗinsa, ya ce matar nan ta san ciwona. Ya tara abokan aikinsa a tanti, ya ce yau za ku ji abin da ake kira jita. Waƙa ta fara, tana hawa, tana hawa, ya ɗaga yatsa sama ya ce, "Ku saurara, ga shi nan!" Sai ƙwas. Sai muryar mace:

"Ya kama? Maman Bello, ya fara ɗauka?"

Daga nesa wata ta ce, "Yi magana mana, yana ci!"

Sai dariya, sai ɗan tari, sannan: "To. Baban Ishaya, ni ce. Muna nan lafiya. Akuyar nan ta haihu, biyu. Ishaya ya fasa gilashin fitila, na riga na dake shi, kar ka ƙara masa in ka zo. Auta ta yi haƙori, cizona take yi. Kar ka sha ruwan sanyi, ka san ƙirjinka. Auta, gaida Baba." Nan ake jin wani gurnani da ƙarar ɗan hannu yana dukan rakoda, ni ce. Ana jin taɓarya a bayan gida, da zakara. Sai ta yi shiru kaɗan, muryarta ta sauka: "To, shi ke nan. Ka dawo gida. Ina jira." Ƙwas. Sai wutsiyar waƙar, an riga an sauko, ganga tana rufewa.

Har ya bar aiki abokansa ba su daina kiransa Kofur Ya Kama ba. Da ya dawo, an ce sai da ya yi kwanaki ba ya kallon inda Mama take. Ita kuwa ko a jikinta. Duk lokacin da ya tayar da maganar sai ta ce, "Mutumin can da jitarsa ya san kana da ciwon ƙirji? Ya san akuyarka?" Shi kuma ya ce, "Saratu, kin kashe mini wuri mafi daɗi a duniya saboda akuya." A ƙarshe ya ɗauki biro ya rubuta sunan mawaƙan a jikin farin kaset ɗin don kada a sake, sannan a ƙasa ya ƙara kalma biyu: da Saratu. Ya ce tunda ta shiga ƙungiyar da ƙarfi, a ba ta haƙƙinta.

Ina firamare Mama ta rasu, ciwon kwana kaɗan. Muna da hotunanta, amma hoto ba ya tari, ba ya dariya. Duk duniya ba inda muryarta ta rage sai cikin zaren nan. Daga lokacin darasin Lahadi ya canza. Baba yakan bi zamunna yadda ya saba, amma farin kaset ne ƙarshe, kuma ya daina riƙe kai. In an zo wurin, zai ɗaga yatsa kamar da, ƙwas ta zo, sai ya riƙa ba ta amsa a tsakanin maganarta, kamar tana zaune a gefen tabarma. Akuya ta haihu, ya ce, "Madalla." An dake Ishaya, ya ce, "Ya yi daidai." Ruwan sanyi, ya ce, "Na ji, na ji." In ta ce ka dawo gida, ina jira, sai ya yi murmushi ya ce, "Ai na dawo, Saratu." Haka na tashi ina ji duk mako, har muka bar bariki muka koma gidan haya a Ɗan Iya bayan ya yi ritaya. A kunnena waƙar nan haka aka yi ta. Ban taɓa ɗaukar Mama a matsayin wadda ta katse kiɗa ba. Ita ce hawan.

Sai mantuwa ta fara cin Baba. Da farko makulli ne, da sunan kwanaki. Daga baya ya tsaya a tsakar gida yana tambayar ina aka kai famfon bariki. Jitarsa tana rataye, in an miƙa masa sai ya riƙe ta kamar an ba shi ɗan wani. Yaya Ishaya yana aiki a Jos, ni ce a gida, ni ce wanka, ni ce magani, ni ce dafa gwaten da yake so. Akwai ranakun da yake kallona da ladabi, irin kallon da ake yi wa ma'aikaciyar asibiti. Amma ran Lahadi, in farin kaset ya shiga, yatsan nan yakan tashi daidai wurin, bai taɓa kuskure ba. Ya amsa mata duka, ya ce ai na dawo, kuma da gaske sai ya dawo. Ya juyo ya ce, "Auta, ke kin ci abinci kuwa?" Ya ci nasa, ya san ni har Litinin, wani lokaci har Talata. Da wannan igiyar nake janyo shi duk mako.

Farkon damina rakoda ta mutu. Mai gyara ya ce kayan cikinta an daina kawo su. Yaya Ishaya ya zo hutu ya tarar da ni ina kuka a kanta, ya ce, "Haba Auta, a kan wannan tarkacen? Zamani ya wuce nan. Kawo akwatin, a zuba masa duka a memori, ya huta da tsinkewar zare." Da kyakkyawar niyya ya yi, wannan ba zan ɓoye ba. Ya ɗora akwatin a kan babur ya kai wa wani mai tura waƙoƙi a Ƙofar Dumi, ya ce masa kada ya bar ko ɗaya. Ya dawo da 'yar rediyo mai cin memori, ba ta fi tafin hannu ba. Ya sa aka share ɗakin Baba aka yi fenti, aka fitar da kayan da suka mutu, ya koma Jos ran Asabar yana jin ya sauke nauyi.

Ran Lahadi na dawo daga sujada, na zaunar da Baba a kujerarsa ta bakin taga, na kunna. Sautin ya fito garau, ba shuu ɗin nan na kaset, ba rawar murya. Na nemo doguwar waƙar. Ta fara takawa cikin raɓarta, Baba ya gyara zama, ta hau, ta hau, yatsa ya tashi. Ba ƙwas. Jita ta ɗauka ta tafi sama ita kaɗai, tana kuka, tana murɗawa, tana ƙara hawa. Wurin da ya yi shekaru yana makokinsa ke nan, ya dawo cif ba abin da ya taɓa shi, kuma ban taɓa jin abin da ya tsorata ni kamarsa ba. Kamar ka buɗe ƙofar ɗakin mahaifiyarka ka tarar da baƙo a kan gadonta. Yatsan Baba yana nan a sama har jitar ta gama ta sauko. Sannan ya ce a hankali:

"Ina Saratu?"

Na ce, "Baba, bari in sake sa wa."

Na sake. Yatsa ya tashi, jita ta wuce. Ya juyo ya dube ni da kallon nan na ladabi ya ce, "'Yan mata, don Allah ko kin ga matata? Ko ta yi fushi ne? Na yi mata faɗa a kan kaset, amma ai ba har zuciya ba ne."

Ranar bai ci komai ba. Washegari ma haka. In na kai cokali bakinsa sai ya kau da kai ya ce zai jira ta. Ruwa kawai yake karɓa, shi ma sai ya taɓa kofin ya tabbata ba mai sanyi ba ne.

Na hau babur zuwa Ƙofar Dumi, na bi lungu ina tambaya har na sami shagon, ɗan ƙarami tsakanin mai ɗinkin hula da wata makarantar allo. Mutumin yana da fara'a, ya tuna akwatin sarai.

"Ai aikin ya ba ni wuya, ƙanwata. Tsofaffin waƙoƙi ne, amma duk na samo su."

"Samo su? Malam, ba daga kaset ɗin ka kwafa ba?"

Ya yi dariya. "Da me? Rabona da ganin rakoda mai aiki har na manta. Sunayen da Baba ya rubuta na bi, na sauko da su daga intanet, sababbi fil. Ai sun fi na kaset kyau nesa ba kusa ba." Sai ya dafa goshi. "Mutum ɗaya ce ta gagare ni. Wata Saratu. Na neme ta na gaji, ba ta a ko'ina. Mawaƙiyar coci ce?"

Ban san lokacin da na zauna a kan bencinsa ba. Ya tsorata, ya aika a kawo mini ruwa, yana ta cewa, "Subhanallahi, wallahi ban sani ba, da an gaya mini." Ya ce akwatin ya mayar wa Yaya Ishaya. Na kira Yaya a waya daga nan inda nake. Ya ce ranar fenti ya ba 'yan gwangwan, masu sayen tsofaffin ƙarafa, akwatin tare da rakodar, tunda komai yana cikin memori. Na ji yana kiran sunan Yesu, na ji muryarsa ta karye.

Na bi 'yan gwangwan har inda suke tara kaya a bayan gari. Akwatin ƙarfen na gane shi tun daga nesa, an riga an taka shi ya lanƙwashe, ba komai a ciki. Wani dattijo mai auna ƙarfe ya ce robar kaset suna fasa ta su haɗa da sauran roba, zaren kuwa ba shi da kuɗi, zubarwa ake yi, wani lokaci masu lambu su kwasa su ɗaura a gona don korar tsuntsaye. Ya nuna mini da haɓa. An yi ruwa da safe, rana ta fito. Duk shingen ƙayar da ke gefen filin zare ne, baƙi-baƙi mai sheƙi, ya nannaɗe ƙaya yana kaɗawa a iska, yana wani siririn kuka. Zamanin katako, zamanin gashi, zamanin inji, duk sun cakuɗe. Na ciro wani guntu na kara a kunnena. Na san hauka ne. Na kara dai.

Kafin wata Lahadin Baba ya zama kamar tsumma. An zo daga coci an yi addu'a, an kawo ma'aikacin jinya ya sa masa ruwa a hannu ya ce in bai fara ci ba sai an kwantar da shi. Da rana tsaka, bayan mutane sun watse, ya ce a kai shi bakin taga a sa masa kaset. Na so in ce rediyon ta lalace, amma ya dube ni, na kasa. Na zaunar da shi, na ajiye kwanon gwate a gefensa ko Allah zai sa, na tsaya a bayan kujerarsa da 'yar rediyon a hannuna. Waƙa ta fara. Rana tana kan bango, ana kiran sallar azahar a masallacin layinmu, wata mai masa tana wanke tanda a waje. Ba abin tsoro ko ɗaya a wannan rana. Waƙa ta hau, yatsan ya tashi da ƙyar, sai na ji ba zan iya barin jitar nan ta sake wucewa ta kansa ba. Na danna na kashe. Niyyata ke nan, ba ni da wata.

Ɗakin ya yi tsit, yatsa yana sama yana jira. Sai na ji an ce:

"Ya kama? Maman Bello, ya fara ɗauka?"

Daga bakina ya fito. Amma na rantse da Wanda ya yi ni, ba haka muryata take ba. Ta fi tawa kauri, da karin harshen ƙauyenmu wanda ni ban iya ba, ni da aka haifa a bariki. Dariyar ta zo a wurinta, tarin ya zo a wurinsa, ya kankare mini maƙogwaro. Na ce Baban Ishaya, ni ce. Kafaɗunsa suka sauka. Na ce akuya ta haihu, ya ce, "Madalla." Na ce an dake Ishaya, ya ce, "Ya yi daidai." Ruwan sanyi, "Na ji, na ji." Ina so in tsaya, maganar tana tafiya da kanta kamar zare a cikin rakoda. Na ce, "Auta, gaida Baba." Nan ne na kusa faɗuwa, don na kira kaina kuma ba wanda ya amsa. Na yi shirun da take yi, muryar ta sauka yadda take sauka:

"To, shi ke nan. Ka dawo gida. Ina jira."

Na jira murmushin, na jira ai na dawo. Baba ya sauke yatsa a hankali, bai juyo ba. Sannan ya ce, da murya garau wadda rabona da jin ta tun kafin ciwo:

"To, Saratu. Ina nan tafe."

Ya miƙa hannu ya jawo kwanon gwate, ya ci da kansa, ya cinye tas har ya suɗe cokali. Abin da na yi mako ina roƙon Ubangiji ke nan. Ya ajiye kwanon, ya juyo, ya gane ni sarai.

"Auta," ya ce, "ɗauko mini takalmana da burushi."

Na ce, "Baba, ina za ka?"

Ya ce, "Ke dai ɗauko."

Hannunsa ba ƙarfi, ni na goge su, yana nuna mini inda ban kai ba, har na ga fuskata a ciki. Ya sa na ajiye su a bakin gado.

Tun daga ranar yana ci. Maƙwabta suna cewa jiki ya yi kyau, Yaya Ishaya ya yi godiya a coci, ban gaya wa kowa da me na saye wannan cin ba. Ni kaɗai na san abin da cinye kwano yake nufi a gidanmu. Wani lokaci ina wanke-wanke sai in yi tari, in tsaya cak, ina sauraron ko nawa ne. Nakan tuna lokacin da muryoyin matattu suke zaune a cikin akwati, ka buɗe in ka so, ka rufe in ka gama, ka jera batir a rana don su. Yanzu babu akwati, babu zare, sai ni.

Duk Lahadi bayan sujada ina tsayawa a bayan kujerarsa. Yatsa ya tashi, in kashe, ta zo. Muna bi ta kan akuya, da fitila, da haƙori, da ruwan sanyi. In na kai "To, shi ke nan," sai in cije leɓena da ƙarfi, har wata rana sai da na ji gishirin jini. Maganar takan taso ta tokare ni a wuya, in haɗiye ta. Shi kuwa ya karkata kai yana jira, da haƙuri, kamar soja a bakin titi da kayansa.

Lahadin da ta wuce, da shirun ya yi tsawo, bai juyo ba, ya ce, "Saratu, ba ki ƙarasa ba."

Ban ƙarasa ba. Na zagayo gabansa na durƙusa, na kama gwiwarsa da hannu biyu, na ce da muryata, tawa ta kaina, "Baba, Auta ce. Ina gaisuwa."

Ya dube ni, ya ɗora hannu a kaina ya ce, "Kin yi haƙori."

Sannan idonsa ya koma kan takalman.